Man Yamma Ba Zai Ɗauki Faridun Ba

Ranar da aka bugo waya daga bakin iyaka aka ce a zo a karɓi gawar Faridun, kwana goma sha tara ke nan motar ubansa Sakidad ba ta sha ko ɗigon man yamma ba.

Mu a Zardalu fetur iri biyu muka sani. Akwai man yamma, wanda tankoki ke shigowa da shi daga ƙasar da ke yamma da mu, ga araha ga shi ko'ina, har a jarka a bakin titi. Akwai kuma man arewa mai tsada, wanda sai ka je gidan mai na sosai. Da can ba wanda ya damu da inda aka haƙo shi, in dai mota za ta tashi. Sai da masu gadin iyakar can suka buɗe wa wata motar 'yan ci-rani wuta, samari goma sha ɗaya suka mutu, uku daga gundumarmu. Faridun yana cikinsu. Shekararsa ashirin da biyu, aikin gini ya tafi nema, kuma shi kaɗai ne namiji a gidansu.

Sakidad direban haya ne, shekara talatin yana jigila tsakanin ƙauyenmu da birnin Herat a tsohuwar motarsa mai dogon baya. Mutum ne da in ya yi magana uku a yini, sai a ce yau yana jin surutu. Shi ya sa ran Juma'ar da ta biyo bayan harbin, da ya miƙe bayan sallame salla ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse man yamma ba zai ƙara shiga tankinsa ba har ya koma ga Allah, masallaci ya yi tsit. Daga nan maza suka bi layi suna ɗora hannu. Wani ya ɗauki abin a waya, kafin mako ya zagayo magana ta kai birni ta wuce. Gidajen man da ke sayar da na arewa suka kafa koren ƙyalle a ƙofa, sauran kuwa sai awaki ke kwana a ƙarƙashin famfonsu. Kowa ya zama malamin mai a dare ɗaya: a ɗiga a tafin hannu, a shinshina, a ɗaga kwalba a rana. In ya yi ja-ja na yamma ne, in ya yi fari tas na arewa. Ni kaina na yi wannan shirmen, ba zan ɓoye ba.

Kullum safe Sakidad yana tsaye a bakin gidan man Haji Miraj, wanda ya ƙi kafa ƙyalle. Ba ya zagi, ba ya tare hanya. Kallon direba kawai yake yi, sai ka ga mota ta ja baya. Har maƙwabcinsa na jikin katanga, da ya zo shan lita uku don kai matarsa asibiti tana naƙuda, bai tsira ba. Sakidad ya ce masa a gaban jama'a, “Allah ya sauke ta lafiya. In namiji ne, ka raine shi da kyau, suna jiransa a bakin iyaka.” Mutumin ya sha man dai ya tafi, amma tun ranar ba ya iya ɗaga ido a kasuwa.

Gulsum, uwar yaron, ita ba ta rantse da komai ba. Faridun ya sulale ne da asuba ba tare da ya tashe ta ba, don ya san za ta riƙe rigarsa. Tun da labari ya zo abu ɗaya take nema a duniya. Da Sakidad ke ɗaura rawani zai fita, ta tsaya a bakin ɗaki ta faɗa masa.

“Baban Faridun, shekara ashirin da shida ban taɓa ce maka saya min kaza ba. Yau ina roƙo. Ka kawo min shi in ga fuskarsa kafin a sa shi a ƙasa. Ba na son komai bayan wannan.”

“Awa uku ce tafiyar,” in ji shi. “Kafin azahar ta wuce za ki gan shi, in Allah ya so.”

Ƙanin Gulsum, Gausuddin, ne ya raka shi, mai ɗan shagon yadi, gajere mai yawan magana, wanda bai taɓa yarda da zancen ƙyallen nan ba amma ya yi shiru saboda zaman makoki. Man arewa ya yi wuya tun da kowa ya koma kansa, lita ashirin ake ba mota a rana. Sakidad ya bi layi kwana biyu ya tara abin da zai kai su ya dawo da su, da ɗan rara kaɗan.

Ƙarfe goma na safe aka kira sunansa a wata rumfar kwano da ke bakin shingen iyaka. Ya dangwala yatsa a takardu huɗu. Leburori suka turo akwatin katako sirara a kan amalanke, wani ma'aikaci ya ɗaga murfin ya ce, “Naka ne?” Fuskar tana nan yadda take, harsashin a ƙirji ya shiga. Sakidad ya ce nasa ne, aka mayar da murfi. Ɗaya daga cikin leburorin, wani mai furfura a gemu, ya matso kusa da kunnensa yana ɗaure igiya.

“Baba, kada ka tsaya ko shan shayi. Ɗakin sanyin can wutarsa ɗaukewa take yi. Wannan ba zai jira ba.”

Suka sayi manyan ƙanƙara huɗu, suka jera a gefen akwatin, suka rufe da buhu. Har Sakidad ya murza mukulli sai ga wani dattijo ya dafa ƙofar motar, siriri, leɓɓansa sun tsattsage. A can gefe babur ɗinsa mai ƙafa uku na tsaye, da irin wannan akwatin a baya.

“Kai ne Sakidad na Zardalu,” in ji dattijon. “Na gan ka a wayar jikata. Ni ma na ɗora hannu saboda kai. Ga nawa yaron can, man ya ƙare min a nan, kuma duk garin nan ba koren ƙyalle ko ɗaya.”

Gausuddin ya kama hannun surukinsa, wanda yake kira Lala, wato yaya, ya matse. “Lala, kada ka soma. Wanda muke da shi da ƙyar zai kai mu.”

“Akwai rara.”

“Rarar me? Cokali biyu?”

Sakidad ya zare hannunsa. Ya ciro tiyo daga ƙarƙashin kujera, ya zura a tankin motarsa, ya zuƙa da baki, ya tofar, ya cika wa dattijon galan. Wa zai ga laifinsa a nan? Ni dai ban gani ba. Mutumin ya yi ta sa albarka har suka bar wurin.

Rana ta buɗe kamar murhu. Sakidad ya rufe gilasai ya kunna na'urar sanyin motar har ƙarshe, abin da bai taɓa yi wa fasinja mai rai ba saboda yadda take shan mai. Suka yi awa biyu suna tafiya, Gausuddin na satar kallon allurar mai, ita kuma tana ta sauka. Suka wuce gidajen mai uku, duk ba ƙyalle. A kowanne Gausuddin ya yi gyaran murya, a kowanne Sakidad ya ƙara taka mota. Sha biyu da rabi, a tsakiyar fili inda ko ƙaya ba ta tsiro da kirki, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Motar ta gangara da kanta ta tsaya 'yan taku kaɗan daga wata rumfar tabarma. Saura tafiyar ƙasa da awa ɗaya su isa gida.

A rumfar wani tsoho ne zaune a kan tsohuwar taya, da butar shayi a gabansa, da jarkoki shida a jere a inuwa. A kan wani dutse ya dasa kwalba ɗaya don masu wucewa su gani. Rana ta ratsa ta, man cikinta ja-ja ne.

“Alhamdu lillahi!” Gausuddin ya dira ƙasa. “Baba, sannu da rana. Lita shida, maza.”

“Gausu,” in ji Sakidad daga cikin mota. “Tambaye shi na ina ne.”

Tsohon, Yakut sunansa, ya yi dariya, haƙoransa ba su fi biyar ba. “Na ina? Na cikin ƙasa ne, ɗan'uwa, inda duk za mu. In kuma hanyar da ya biyo kake tambaya, ta yamma ya zo. Ni ba na ƙarya a kan lita shida.” Ya taso yana ɗingishi, ya leƙa bayan motar, ya ga akwati da ruwan da ya fara tsiyaya daga buhu. Dariyar ta ɗauke. “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga shingen kuke?”

“Ɗan 'yar'uwata ne,” in ji Gausuddin. “Ɗansa.”

Yakut bai ƙara tambaya ba. Ya kinkimo jarka da mazurari ya dire a gindin motar. “Zuba ku tafi. Ban sayar ba, sadaka ce. In sayen ne ka rantse a kai, to ba ka saya ba.”

“Cewa na yi ba zai shiga tankina ba.”

“Lala, don girman Allah,” Gausuddin ya zagayo ya tsaya gabansa. “Rantsuwa tana da kaffara. Miskinai goma ne, ni zan ciyar da su, da nama ma. Ka tambayi duk liman da kake so. Yaya Gulsum tana can tana kallon ƙofa.”

“Kuɗin wannan man ne ya sayi harsashin.”

“To, ya saya! An riga an harba! Yanzu ka hana su lita shida sai gwamnatinsu ta faɗi? Kai da ka fi kowa sanin hanya, ka dubi ranar nan!”

“Su suka kashe shi, kuma su za su ɗauke shi su kai shi ƙofar uwarsa? Ina raye?”

Gausuddin ya kai hannu zai buɗe murfin tanki. Sakidad ya jingina bayansa a wurin, ya harɗe hannuwa. Ba a ture babba a wurinmu, balle uba mai gawa a mota. Gausuddin ya koma gefe ya tsuguna, ya riƙe kai.

Wata babbar motar siminti ta tsaya ba da jimawa ba, direban ya sauko ya yi ta'aziyya, ya ce a ɗora akwatin a sama ya sauke su a mararrabar Zardalu. Sakidad ya gode, sannan ya tambaye shi inda ya sha gas. Direban ya nuna yamma da haɓa, ai daga can ya ɗauko kayan. Sakidad ya sake godiya. Mutumin ya kalle shi, ya kalli Gausuddin, ya hau motarsa yana girgiza kai.

Wayar Sakidad ta yi ƙara. Gulsum ce.

“Kuna ina?”

“Muna hanya.”

“Ka gan shi?”

“Na gan shi. Muna hanya, Maman Faridun.”

“Na share ɗakin tsakiya, na shimfiɗa sabuwar darduma. Mata sun cika gida. Kada ka bari a wuce da shi masallaci kai tsaye, ka ji? Nan za a fara kawo shi.”

Da ya kashe wayar ya daɗe yana kallon ƙasa. Ƙarƙashin motar ruwan ƙanƙara ya yi ɗan rami a yashi, ɗis, ɗis. Wallahi a wannan lokacin ya sauko. Ya sunkuya ya ɗauki jarkar Yakut, ya murɗe murfinta, Gausuddin ya miƙe zumbur ya ɗauko mazurari. Da Allah ya sa titin ya ƙara minti biyu babu kowa, da ban ba ku wannan labarin ba.

Amma sai ga babur ya tsaya, da magidanta biyu a kai, koren ƙyalle ɗaure a kan madubi. 'Yan kwamitin ƙauyen gaba ne, masu zagaya titi suna rubuta lambar motocin da ke tsayawa wurin 'yan jarka. Na bayan ya sauko fuska a murtuke, sai ya gane wanda ke gabansa.

“Subhanallah! Baban Faridun! Mun hango mota, mun ɗauka wani maras kunya ne yake shan na maƙiya. Ashe kai ne.” Ya dubi jarkar da ke hannunsa, ya dubi Yakut. “Kai tsoho, ba ka jin kunya? Har uban shahidi kake tura wa wannan najasa?”

“Ni ban tura wa kowa komai ba,” in ji Yakut. “Motarsa ta mutu, gawa na narkewa. In kuna da na kirki ku ba shi.”

Na tankinsu bai kai lita ɗaya ba. Amma sun san gidan mai mai koren ƙyalle, in ji su, nan kusa, rabin awa zuwa da dawowa. Za su ɗauki Gausuddin a tsakiya, kuma da sun ce na Baban Faridun ne ko layi ba za a bi ba. Direban babur ɗin ya kama hannun Sakidad ya sumbata, idonsa cike da hawaye, ya ce, “Kai ne ƙarfinmu. In ka tsaya mun tsaya.”

Sakidad ya mayar da murfin jarkar ya ajiye ta. Gausuddin ya kalle shi kallo ɗaya, irin wanda ba ya bukatar magana, ya ɗauki galan ya hau babur.

Rabin awa! Duk wanda ya taɓa jiran mutum a titinmu ya san abin da rabin awa ke nufi. Sakidad da tsohon suka tura motar jikin wata rusasshiyar katanga inda akwai inuwa kamu biyu. Sakidad ya warware rawaninsa, ya jiƙa da ruwan randar Yakut, ya lulluɓe akwatin. Kafin ya koma ya zauna rawanin ya bushe. Ya sake jiƙawa. Suka yi azahar a kan buhu, Yakut ya zuba masa shayi, ya gutsura masa gurasa, ba wanda ya taɓa.

“Shekara goma sha huɗu na yi ina tuƙa tankar mai,” in ji tsohon, yana kallon titi. “Kafin ƙafar nan. In gaya maka wani abu, ko in yi shiru?”

“Faɗi,” in ji Sakidad.

“Na sha ɗauko shi daga yamma, in sauke a babbar ma'ajiya, a rami ɗaya da wanda ya zo daga arewa. Gobe a ɗebo a rubuta masa takarda sabuwa. Launin da kuke ɗagawa a rana, garin rini ne ake zubawa, cokali ɗaya ya isa tanka. Wanda ka zo da shi yau, ka rantse ka san inda aka haƙo shi?”

“Kana da abin sayarwa, dole ka faɗi haka.”

“Ina da abin sayarwa, mako uku ban sayar da lita goma ba, jikokina gurasa da shayi suke kwana a kai. Amma wannan kyauta na ba ka. Duba, ba kowa yanzu. Daga ni sai kai, ni kuma ba ni da waya mai ɗaukar hoto.”

Sakidad ya nuna motar da kai. “Shi yana nan.”

“Shi ya gama da mai, ɗan'uwa. Uwarsa ce ba ta gama ba.”

Maganar ta shige shi, amma a daidai lokacin wani abu ya ɓullo can nesa a kan kwalta, ya miƙe yana kare ido da hannu. Ba su ba ne. Haka ya yi ta yi. Duk abin da ya taso daga gabas sai ya ce ga su nan, ai ba zai karya rantsuwa saura minti biyar ba. Ya kira Gausuddin, aka ce famfon ya ƙafe, ana jiran tanka, an ce tana kan hanya. Ya sake kira, aka ce ta iso ana saukewa. Ya sake kira, aka ce mai gidan man ya tafi salla da mukullin. Tsakanin kira da kira fuskar maƙwabcinsa ke faɗo masa, da abin da ya gaya masa a gaban mutane, da yadda zai shiga kasuwa gobe in aka ji. Gulsum ta bugo sau huɗu. Biyu ya ɗauka ya ce suna hanya, biyu ya bar wayar tana ruri a aljihu. Ni da nake ba da labarin nan, har yau in na zo wurin nan sai in ji kamar in shiga in kama kafaɗarsa in girgiza. Amma ni ma ina cikin waɗanda suka bi layi a masallaci, da wane baki zan yi magana?

Ƙanƙarar ta ƙare wajen ƙarfe uku. Buhun ya bushe ƙayau. Ƙudaje suka fara taruwa a jikin gilashin baya, tun yana kora da hannu har ya gaji. Bayan la'asar ya buɗe ƙofar baya don ya sake jiƙa rawanin, sai abin ya buge shi a fuska. Ya ja da baya ya dafa katanga. Ya yi shekara talatin a kan hanya, ya ɗauki gawa ba ɗaya ba ba biyu ba, ya san wannan warin, kuma ya san ba ya komawa.

Bai yi kuka ba, wani sauti ne dai ya fito masa daga maƙogwaro. Ya ruga ya fizgi jarkar, Yakut ya ɗauko mazurarin ya riƙe masa. Jan man ya yi ta kwarara cikin tankin, rabi a ciki rabi a kan takalminsa. Ya juye jarkar kaf. Injin ya tashi a murɗa ta biyu, lafiya lau, bai tambayi kowa daga ina ba.

Bai yi tafiyar minti goma ba ya hango Gausuddin a bayan wata motar kankana, rungume da galan. Suka tsaya. Gausuddin ya shiga, ya shaƙi iskar cikin motar, ya dubi allurar mai, ya dubi surukinsa. Ya ajiye galan ɗin tsakanin ƙafafunsa, ya sauke gilashi, ya juya fuska waje. Har Zardalu kafaɗunsa na girgiza.

'Yan babur sun riga su isar da labari ta waya. Tun daga mararraba maza suka tare motar suna kabbara, suna bin ta da gudu. A ƙofar gida wani ya hau kan dakali yana ɗaga murya don na nesa su ji, cewa ga mutumin da ya zauna awa biyar a rana da gawar ɗansa, man yamma na gabansa kyauta, ya ce a'a. Aka yi ta rungumar Sakidad ana sumbatar gemunsa. Takalminsa na warin man Yakut, ba wanda ya lura. Katangar gidan kuwa ba ta da tsawo, duk abin da aka faɗa a waje mata sun ji.

Liman ya sa aka shigar da akwatin zaure aka rufe ƙofa. Shi da mai wankan gawa suka ɗaga murfi. Ba su daɗe ba. Liman ya fito yana toshe hanci da gefen mayafi, ya ja Sakidad gefe ya yi ƙasa da murya.

“Ba za a shiga da shi wurin mata ba. Kada uwarsa ta ga wannan, zai zauna mata a ido har ta mutu. Za a sa ƙusa. Mu yi masa salla yanzu, rana na faɗuwa.”

“Ta ce a fara kai mata shi.”

“To je ka gaya mata da bakinka.”

Sakidad ya shiga. Matan da suka cika tsakar gida suka ja mayafi suka buɗe masa hanya, kukan ma ya tsaya. Gulsum na zaune a ɗakin tsakiya, a gefen dardumar, ta bar tsakiyarta fili. Ana jin bugun guduma daga zaure. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya kasa shiga.

Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Ta tambaye shi ne a hankali.

“Ƙarfe nawa suka ba ka shi?”

“Goma.”

“A lokacin fuskarsa lafiya?”

“Lafiya lau.”

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana shafa darduma da tafin hannu. Ya so ya gaya mata cewa a ƙarshe ya zuba man, ya karya rantsuwar, amma ya rasa me wannan zai ƙara mata.

“To kai ka gani,” in ji ta. “Zauna ka faɗa min. Ya rame? Ya tara gemu? Idonsa a rufe yake? Tabon nan na goshinsa yana nan? Ka fara daga gashin kansa ka sauko, kada ka tsallake komai.”

Sakidad ya buɗe baki. Ya nemi fuskar, sai rumfar kwano yake gani, da hannun ma'aikacin a kan murfi, da tawadar da ke yatsansa. Leƙe ɗaya ya yi ya kawar da kai, don kada ya rushe a gaban mutanen can, yana cewa a ransa ai a gida za su zauna su kalle shi tare.

“Ban duba sosai ba,” ya ce.

Daga waje liman na kiran a daidaita sahu.